Ustaza Radhia da Tafintan da Ake So a Jefar

"To a jefar da shi mana, Ustaza! Ko jakin kakana da ya tsufa hutu aka ba shi."

"Jakin kakanka sai da ya kai kaya gida kafin ya huta, Skander. Kai me ka taɓa kaiwa?"

Haka na same su ranar Asabar a ɗan ɗakinmu na bayan ƙofar gari ta Bab Diwan, shayi ya huce, ana ta musun da ya ishe ni har wuya. Skander injiniya ne matashi, kaifin ƙwaƙwalwa kamar reza, baki ma haka. Ita kuwa Ustaza Radhia Ellouze ce, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami, domin ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanunta sun gaji, kuma har yau ban ji wanda ya ce mata sannu ba.

Mu 'yan sa kai ne a nan birnin Sfax, muna rainon wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna Sharfiya, wadda ke tayar da tsofaffin kwamfutoci a makarantu da ƙananan asibitocin ƙauyukan kudu. A cikinta akwai kompaila, wato tafintan da ke juya abin da muka rubuta zuwa harshen da na'ura ke ji. Tun ina rarrafe Ustaza ke kula da shi, ita kaɗai. Kowace safiya, idan ta gama ba furanninta ruwa, sai ta kunna Tsohuwa, kwamfuta mafi rauni a ɗakin, mai gurnani kamar injin markaɗe. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya kawo gyara, sai ya zauna gaban Tsohuwa har tafinta ya sake gina kansa daga farko har ƙarshe. In bai ginu a kanta ba, bai shiga ba. Wallahi na tsani dokar nan! Na sha zama ina kallon allon har ƙafata ta yi sanyi.

Amma ku tambayi Si Moncef, malamin lissafi a wani ƙauye can bayan garin Gabes. Shi ya ba ni labarin ranar da kwamfutocin ajinsa suka ƙi tashi ana gab da jarrabawa, sai ga wata dattijuwa ta sauko daga motar haya da jaka a kafaɗa. Ta gyara, ta ci kuskus, ta koma. Yaran sun ɗauka kakar wani ce.

Ga matsalar. Mukullan tsaro na zamani da manya-manyan lambobi ake ƙera su, tafintanmu kuwa bai san lamba mai tsawon haka ba. In aka ninka manya biyu, rabin amsar na sama sai ya zube. Masu rubutu suna ta kewaye-kewaye, suna yanka lamba gunduwa-gunduwa da hannu, aiki na tafiyar hawainiya. Skander ya ce a ɗauko ƙaton tafinta na waje wanda ya iya komai. Kuma yana da gaskiyarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai dai ƙaton nan ba ya shiga cikin Tsohuwa, kuma 'yan'uwan Tsohuwa ne a ajin Si Moncef. Ranar da aka sauya, ranar aka yi ban kwana da su.

Tun bara ake wannan musu a zaurenmu na intanet. Kowa malami, kowa da hujja mai tsawon zira'i, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya na gyara. Ita kuwa tana gefe da gilashi biyu a hanci, har ta koya wa tafinta tarawa da ɗebewar manyan lambobi. Ninkawa da rabawa suka rage, nan idanu suka ce sun gaji.

Ke ce, Ustaza, rijiyar da kowa ke sha ba ya tambayar wa ya haƙa. Ke ce kika ƙi yarda a ce talakan ƙauye ya sayi sabuwar na'ura kafin a kula shi. Mun gode. Ku kuma masu karatu, in kuna da wata Radhia a wurin aikinku, kada ku jira sai ta ɗaure kayanta kafin ku kama mata.

A ranar Asabar ɗin na karanta musu wannan sakin layin da na rubuta mata. Na zaci za ta yi hawaye.

"Ka gama, mawaƙi?" in ji ta. "Rijiya! Tsohuwa ba ta jin waƙa, ɗana. Ni ban auri tafintan nan ba. A gyara ko a sauya, duk ɗaya ne a wurina, in dai yaran Moncef ba su rasa ba. Amma wanda ya faɗa, shi zai ɗauka. Skander, za ka rage wa ƙatonka ƙiba har ya shiga Tsohuwa?"

Skander ya sosa ƙeya. "Ustaza, ni fa aiki ya yi mini yawa..."

"Na sani. Baki ne kawai ke da hutu." Ta juyo kaina. "Kai fa?"

Ban iya ninkawar na'ura ba, kuma duk ɗakin sun sani. Skander har ya fara murmushi. Na dubi kujerar nan mai taurin tsiya da ke gaban Tsohuwa, na ja ta, na zauna.

"Ba za a jefar ba," na ce, da ƙarfin da ya ba ni mamaki. "Ni na ɗauka. Ki koya mini ninkawa kafin wata ya ƙare. Kai kuma Skander, daina dariya ka ɗora shayi, rabawa taka ce."