Direban da Fasinjojinsa Ba Sa Amsawa

Duk wanda ya tashi a Akwatia Line ya san ƙarar motar Baba Kudus kafin ya san fuskar mai ita. Da gari ya fara haske zai fito da bokiti da tsumma, ya wanke ta tun daga rufi har taya, ya buɗe gaba ya duba ruwa da baƙin mai, sannan ya shiga ya zauna. Ba ya tayar da ita nan take. Tsohuwar motar dizal ce, sai an murɗa makulli rabi, an jira wata 'yar wuta ta mutu a gaban sitiyari, kafin injin ya yarda ya kama. In ya kama kuwa, sai ka ji kamar ana daka a turmi biyu lokaci guda, hayaƙi ya bi lungu. A daidai nan mata masu koko kan tsaya da ludayi a hannu su kasa kunne. In ƙarar ta tsaya wuri ɗaya, ɗumama inji yake yi, sai a ci gaba da ciniki. In ta fara motsi ta nufi bakin titi, sai ka ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ei, yau kuma wa?"

Abdul-Kudus ne sunansa na yanka. Iyayensa daga Nijar suka zo, a nan Kumasi aka haife shi, kuma da sayar da albasa ya ciyar da gidansa. Ba wanda ya naɗa shi komai. Amma shekara da shekaru, in rai ya yi halinsa a Zongo, shi ne mai ɗauko mamaci daga asibiti zuwa gida, shi ne kuma mai kai shi maƙabartar Tafo. Mai dangi da maras dangi duk ɗaya ne a wurinsa. Satin da ya wuce ya ajiye makulli, domin ƙafarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani yanzu, tun yana iya ji da kunnensa. Mu mutanen Zongo mun iya yabon mutum, amma sai mun dawo daga rufe shi.

Motar ba don gawa aka saye ta ba. Doguwa ce mai faɗin baya, irin wadda muke ce wa hom-yus, wato wani Bature ya gama cin moriyarta a ƙasarsu kafin ta hau jirgin ruwa. Don iyalinsa ya saye ta, musamman matarsa, Mma Hamamatu, wadda ta daɗe tana cusa kai a trotro, ƙaramar bas ta haya, da goyo a baya. Ranar da za ta fara shiga ta ɗinka sabon zane, ta yi lalle, za a kai ta gaida 'yan'uwa kowa ya gani. Tana cikin ɗaura kallabi sai ga mutane daga kasuwar shanu: wani baƙon makiyayi ya yanke jiki ya faɗi, ba shi da kowa a garin, kuma duk mai tasin da aka tsayar, da ya ji gawa ce sai ya ja motarsa. Baba Kudus ya ɗauki makulli. Ya kwantar da kujerun baya, ya shimfiɗa tabarma, ya bi su.

Da ya dawo, motar na ƙamshin kafur, ya tarar da Mma Hamamatu tsaye a ƙofar gida da sabon zanenta. A gaban maƙwabta ta ce masa, "Malam, motan nan, ni Hamamatu ba zan shiga shi da ƙafana ba koraa, ko sau ɗaya. Ranan da za ka ɗauke ni ciki, sai dai a kwance."

Magana zarar bunu ce. Fushin ya wuce tun a wannan satin, don mace ce mai kirki, ita ce ma daga baya take wanke tabarmar ta shanya. Amma maganar ba ta wuce ba. Ta zauna a gidan kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Mma Hamamatu ta fara jin tsoron cewa ranar da ta sa ƙafa a motar, ita da kanta ta kira abin da bakinta ya ambata. Sai ya zama mijinta na da mota a ƙofar gida, ita kuma tana tsayuwar jiran trotro cikin rana da ruwa. Ranar bikin 'yarsu Faridatu ma motar haya aka ɗauko. In Baba zai je gaida aboki, can nesa yake ajiye motar ya ƙarasa da ƙafa, don an taɓa yin gidan da ya tsaya a ƙofarsu matan ciki suka fasa kuka kafin ya yi sallama.

Wata rana ina taya shi ɗaure batir ya ce min, ba tare da ya ɗago ba, "Kowa na Zongon nan na ɗauka. Matana kaɗai ban ɗauka ba. Roƙona ga Allah, in ɗauke ta tana zaune, ko sau ɗaya ne." Tun daga ranar na fahimci abin da yake dubawa in ta yi tari.

Yanzu bari in faɗi yadda yake aikinsa, don a nan ne ake samun abin da ke sa tsigar jiki tashi. Kafin a shigar da mamaci, sai ya sunkuya ya yi masa sallama, ya ce, "Ni ne Kudus, ni zan kai ka." In ya shiga, abu na farko sai ya ɗaga madubin tsakiya ya kalli rufi. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a leƙen mai barci. Daga nan har a isa, ba rediyo, ba hira. Magana ɗaya yake yi, kuma ba da mu rayayyu yake yi ba. Duk inda aka iso sai ya faɗa wa na baya: "Mun fito titi." "Ga masallaci a damanka." "Ga Krofrom, za mu hau tudu, yi haƙuri da rami." Wasu malamai sun ce masa ba dole ba ne. Ya ce ya sani, amma shi bai iya ɗaukar mutum kamar buhun albasa ba.

Iddrisu kafinta na Anloga, wanda ya ƙera katakon da ake zura makara a kai a bayan motar, ya rantse min a kan abin da ya gani da rana tsaka. Sun ɗauko wata tsohuwa, wani mai babur ya gifta musu, ran Baba ya ɓaci, yana ta faɗa har suka shiga Krofrom bai sanar da ita ba. A tsakiyar mahaɗa injin ya ɗauke ɗif. Aka murɗa, shiru. Aka tura, shiru. Motoci na ta hon, 'yan rakiya na ta zufa. Can sai Baba ya dafe goshi, ya juya rabi ya ce, "Mma, gafara. Krofrom muke." Ya murɗa makulli, ta kama kamar ba ita ba. "Wallahi Massa," in ji Iddrisu, "ni da ƙafa na koma gida ranan." Makanikin Baba na Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya ce iska ce ta shiga layin mai, haka tsofaffin dizal suke. Ban musa masa ba. Amma na lura shi ma, in zai gyara wani abu a bayan motar, sai ya yi sallama tukuna.

Ni ma ina da nawa. Ranar da mahaifina, Malam Amidu, ya rasu, ni na zauna a gaba. Ban gaya wa Baba komai ba, amma sai ya bar hanyar da aka saba, ya bi ta gaban shagon ɗinkin tsohon, ya rage gudu. "Malam Amidu," ya ce, "ga shagonka. An rufe shi da kyau, kada ka damu." Daga bayanmu na ji wani abu kamar ajiyar zuciya, irin wadda mahaifina kan yi in ya cire tabarau bayan aiki. Wataƙila ƙarfen ƙasan motar ne ya saki, don ta tsufa. Ban waiwaya ba, shi ma bai waiwaya ba. Abin da na sani shi ne, tsoron da na ji bai kai sanyin da ya sauka a zuciyata ba.

Baba Kudus, kai ne mai rakiyar wanda ba ya iya cewa na gode. Kai ne ka zauna da zufa a cikin cunkoson Kumasi kana ba gawar baƙo haƙuri a kan ramin titi. Mun guje wa motarka, mun hana 'ya'yanmu jingina da ita, amma ba gidan da bai aiko a kira ka ba.

A damunar bana Mma Hamamatu ta kwanta. Ciwon ƙirji ne, aka ba ta gado a asibitin da ke hanyar Tafo, a tasi aka kai ta. Zongo ta yi tsit a kan maganar, amma kowa na tuna abin da ta faɗa da sabon zanenta. Baba ya rame. Ya ci gaba da wanke motar kowace safiya, sai dai yanzu in ya zo bayanta hannunsa ba ya daɗewa.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata baƙuwa 'yar arewa mai dako a kasuwa, ba mai zuwa duba ta. Mma ce take raba mata kokonta. Wata safiya yarinyar ta cika. Bayan azahar Mma na kwance kusa da taga, sai ta ji ƙarar da ta fi sani a duniya tana zagayowa ta ƙofar baya. Ta ɗauka ita aka zo wa. Sai ta ji muryar mijinta a ƙarƙashin tagar, a tausashe, irin muryar da bai taɓa yi wa kowa a kasuwa ba: "Salamu alaikum, 'yata. Ni ne Kudus, ni zan kai ki. Ba ki da kowa a nan, to yau ni ne naki." Duk tsawon shekarun nan tabarmar kawai take wankewa. Ba ta taɓa jin yadda yake aikin ba sai ranar.

Ranar da aka sallame ta, Faridatu ta ce bari ta kira tasi. Mma ta ce, "A'a. Ki ce ma babanki ya zo da motan shi. Ta ƙofan gaba."

To, ga inda muka nuna halinmu. Da hantsi aka ga motar Baba Kudus ta fita ta nufi hanyar asibiti, shi kaɗai a ciki, fuskarsa ba annuri. Ba wanda ya tambaya. Kafin a ce kwabo an fito da benci, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, mata sun cika tsakar gida suna salati, wani har ya tafi sanar da masu haƙa kabari. Ni ma ina cikin masu jera benci, don haka ba wanda zan zarga. Da muka ji ƙarar tana dawowa cikin lungu a hankali, maza suka miƙe, aka fara matsowa wajen ƙofar bayan motar don a karɓi makara.

Ƙofar gaba ce ta buɗe. Ƙafa ta sauko da silifa, sannan ɗayar. Wata mata ta ƙwalla ƙara, wani dattijo ya ja da baya har ya ture buta. Mma Hamamatu ta tsaya dafe da ƙofar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi tabarmin. "Ei," ta ce, "kun yi sauri paa. To tun da kun taru, a dama koko." Kuka ya koma dariya, dariya ta koma kuka, har ba ka iya rarrabewa.

Baba bai fito ba. Yana zaune riƙe da sitiyari, idonsa ja. Faridatu, wadda ta zauna a baya, ita ta gaya min abin da ya faru a hanya. Ta ce da suka shiga, hannunsa ya kai ga madubi zai ɗaga shi, sai ya tuna, ya bar shi. Suka kama hanya. Suna isowa mahaɗa, bakinsa ya riga shi, ya ce da muryar nan tasa, "Ga Krofrom, yi haƙuri da rami."

Sai aka ce daga gefensa, "Na gani, Malam. Ka tafi a hankali."

Faridatu ta ce motar ta yi tangal-tangal. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar yaro, injin na ta bugawa. Shekara da shekaru yana faɗin sunan wannan mahaɗa, ranar ce farkon da aka amsa masa.

Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a matsayin direba. Makullin yanzu yana hannun Hussein, mijin Faridatu, wanda ya karɓa da sharaɗi ɗaya daga surukinsa: kada ya wuce wuri bai faɗa ba. Ku masu motoci masu sheƙi a Zongo, ba na ce ku kwantar da kujerunku duka ba. Amma in an tsayar da ku don wanda ba shi da kowa, ku tuna kowannenmu zai yi tafiyar da ba shi zai zaɓi direba ba.

Baba Kudus, mun gode. Na gode a madadin mahaifina, da makiyayin nan na farko, da 'yar dakon da ka zama nata, da duk waɗanda ka yi wa magana ba su iya mayar maka ba. Allah ya ba ƙafarka lafiya, ya ja kwananka kai da Mma Hamamatu. In ranarka ta zo, bayan shekaru masu yawa, ba za mu bar ka ka yi hanyar Tafo shiru ba. Za mu faɗa maka duk inda aka iso.