Ranar Da Na Kashe Wa Garka Ruwa

Jiya ina kan moto, sai salula ta hau kuka a aljihu: injin pompon garkar Baba Agali, lambunsa na albasa, yana jijjiga fiye da kima.

Ni ke kula da pompon. Akwai 'yar na'ura mai maganaɗisu da muke manna wa injin, in ya soma rawa sai ta aiko mini saƙo. Da safe na sa masa giris, na kamo hanyar Agadas, sai ga wannan saƙo.

Na kira Baba Agali: "Baba, kashe pompo yanzu!"

"Ɗana, bana ba a yi ruwa ba. Albasa ta fara kwanciya, ga mata sun yi layi da bidon ɗibar ruwa."

"Baba, na'ura ba ta ƙarya. Kashe!"

Ya kashe, na juya da gudu. Ina ƙara wuta, saƙo na ƙara shigowa. Ban ko tambayi kaina yadda kasasshen inji ke jijjiga ba.

A shingen sojoji aka tsai da ni. Wani soja ya nuna tankin moto da bakin bindiga: "Malam, mene ne wannan ke ƙyalla wuta?"

Na'urar ce. Nan na liƙa ta da zan sa giris. Ashe labarin ramukan hanya take ta ba ni.

Sai da na rantse ba bam ba ce suka sake ni.

Da na isa na faɗi abin da ya faru, Baba Agali ya miƙo shayi ya ce, "Likita, ya jikin moton?"

Jama'a, da wane ido zan sake kallon matan nan?