Kebul Ɗina da Wankin Lahadi

A bes ɗinmu na unguwar Maamobi, a birnin Accra, ni kaɗai na rage. Bes shi ne majalisar samari a nan Zango: benci biyu a gindin katanga da butar shayin ataya da ba ta sauka daga kan gawayi. A nan muka girma, a nan muka koyi gardama, a nan kuma muka saba da wasan ƙwallo na talabijin, ana miƙa fad, wato abin da ake dannawa a buga wasan, daga hannu zuwa hannu, wanda aka ci ya tashi. Sai tafiya ta fara ɗibarmu. Wannan ya yi Jamus, wancan Italiya, wani Landan. Ni kuwa aka duba takarduna na neman biza aka ce a'a, na dawo na ci gaba da taka keken ɗinkina. Kada wani ya ce kishin ƙasa ne ya zaunar da ni, wallahi ba shi ba ne.

Aminina, wanda muka tashi lungu ɗaya da shi, shi ne ya tafi a ƙarshe. Bayan ya zauna da gindinsa a Jamus sai ya aiko mini da na'urar wasan da abin sawa a kunne, ya ce kada bes ya mutu. Muka yanke cewa duk Lahadi bayan la'asar ta nan za mu haɗu ta intanet, mu huɗu 'yan bes a gefe guda, domin wasan ba ya ɗaukar fiye da haka, mu kara da duk waɗanda muka samu. Ni ke tsaron baya.

Gaskiya ba ƙwallon ce ta dame ni ba, muryoyin ne. Duk mako ba mai kirana, sai dai gaisuwar Juma'a da ake turo wa kowa da kowa. Amma ranar Lahadi da na sa abin kunnen sai in ji an ce, “Ga tela nan, mai ƙafar katako!” Sai in ji kamar an sauke mini kaya. Zagin nan nasu nake jira tun daga Litinin.

Matsalar ita ce layina. Akwatin intanet ɗin yana shagona a bakin gida, ɗakina kuma yana can ƙarshen gidan haya, bayan ɗakuna da bango iri-iri. Kafin waifai ya ratso ya iso ni ya galabaita. Ɗan wasana sai ya tsaya cak kamar an dasa shi, in ya farfaɗo an riga an zura mana. Kuma a wannan wasa layin mutum ɗaya in ya lalace kowa yake ja. Za ka ce me ya hana ni buga wasan a shago? Haba! In zauna a bakin titi da furfura a gemu, duk mai wucewa ya leƙo ya sa baki? Wannan sa'ar tawa ce ni da su, ba na son kowa a ciki.

Aminina ya ce, “Cale,” wato aboki a bakin Accra, “bar waifai ɗin nan. Ja kebul daga akwatin zuwa na'urar kai tsaye.”

Na hau trotro, motarmu ta haya, zuwa kasuwar Circle. Teburin farko da na tarar na tsaya, na ce kebul na intanet nake so, dogo. Mai teburin ya miƙo mini wani fari, siriri, mai taushi, a naɗe cikin leda, ya rantse mini cewa ko banki irinsa suke ja. Ban tambayi komai ba. A ganina waya waya ce, in dai kan ya shiga ramin ai an gama.

Na ɗaure shi a kwanon shago, na miƙe shi ta saman tsakar gida har tagar ɗakina, tsaf, ko lanƙwasa babu. Ranar Alhamis na gwada, ƙwallo na tafiya sumul. Har saƙo na tura musu na ce su shirya, Lahadi za su ga aiki.

Abin da na manta, ni da aka haifa a gidan, shi ne Lahadi ranar wanki ce.

Rabin farko na wasan ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Na tare, na ƙwace, har yabo na samu. Ana dawowa daga hutu sai hoton ya fara rawa, muryoyin suka kakkarye, can komai ya ɗauke. Na fito a fusace, sai na ga kebul ɗina ya yi ciki kamar bakan maharbi. Zannuwa a kai, tawul a kai, wandunan jins suna ɗiga, a tsakiya kuma ga wani ƙaton bargo jiƙe sharkaf.

Bargon na Hajiya mai gidan ne. Ita ce ta goya ni ina jariri, kuma tun rasuwar mahaifiyata ita ke leƙo ni in na kwana biyu ban fito ba. To wa zai ɗaga mata murya? Na haɗiye abin da ya zo mini baki na ce, “Hajiya, wannan fa ba igiyar shanya ba ce.”

Ta dube shi ta dube ni. “To mece ce?”

“Wayar intanet ce.”

“A tsakar gida?” Ta ci gaba da matse ɗankwalinta. “Yaro, tun kafin a haife ka, duk igiyar da aka ɗaura a tsakar gidan nan ta kowa ce. Har albarka na sa maka, na ce yau ka tuna da mu.”

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ni ma da abin bai shafe ni ba da na yi. Amma ni na san abin da aka katse mini, su ba su sani ba, kuma ban san yadda zan faɗa musu ba tare da na zama abin tausayi ba. Na koma ɗaki na zauna ina kallon baƙin talabijin.

Da aka kwashe shanya na lalubo inda ya tsinke daga ciki. Na yi masa abin da kowa a Zango yake yi wa wayar wuta: na yanke, na fere, na murɗa kowace da 'yar'uwarta, na naɗe da baƙin salatif. Fitilar akwatin ta kama, na ce shi ke nan. Ina! Lahadin da ta biyo baya ɗan wasana ya riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri kamar mai aljanu. Aka lallasa mu. Ta gaba ma haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sun daina zagina. Sai dai wani ya yi tsaki a hankali.

Bayan wasan aminina ya kira ni shi kaɗai. Ya ce, “Ka san Lahadin nan kaɗai muke da ita, kowa a gajiye yake. Ka gyara layin sosai tukuna. In ka gyara ka yi magana.” Da taushi ya faɗa, kuma taushin ne ya tsorata ni.

Wannan karon shago na sosai na nema a unguwar New Town, wajen wata mata mai sayar da kayan intanet. Na zazzage mata gawar kebul ɗina a kan kanta. Ta ɗauki reza ta kankare silin waya ɗaya ta nuna mini: jan na sama ne kawai, cikin fari fat. Ta ce alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, shi ya sa ba ya jure ja. Ta ce kuma wannan na cikin ɗaki ne, ko ba a shanya masa komai ba rana da ruwan Accra za su cinye rigarsa. Da ta ga ɗaurin da na yi sai ta kama baki. Ta ce wayoyin ciki a murɗe suke bibbiyu da gangan, in ka warware su ka haɗa da hannu ka ɓata hanyar.

Da na ga kowane kebul da lambar ingancinsa, na ce to ta ba ni wanda ya fi kowanne lamba, na gaji. Ta ce ba lamba ce damuwata ba, mai lamba shida ya ishe ni har ya yi yawa. Abin da zan nema uku ne: jan ƙarfe zalla, baƙar riga mai kauri ta waje, da tsawon da zai kai ba tare da haɗi ba. Sannan in bi bango da shi, kada in sake ratsa sarari. Na koma gida na auna da tef ɗin ɗinkina, bango bayan bango, na dawo ta yanka mini ta matse kawunan da kanta.

Sai azumi ya kama. Duk wanda ya san tela ya san ba shi da Lahadi daga nan har Sallah. Kebul ɗin yana naɗe a ƙarƙashin teburin yanka, ina taka keke ina kallonsa. Na so in tura musu saƙo in ce na kusa, sai na ce a'a, gara su gani da idonsu.

Bayan Sallah na ɗauko tsani da guduma. Kafin in bi ta saman ƙofar kowa sai na yi sallama na nemi izini, ɗaki bayan ɗaki. Hajiya ta sa kujera a tsakar gida tana ba da umarni, wai in ɗaga nan, in sauke can, kada ya taɓa mata tagar kicin. Da na gama ta ce, “To wannan kam ko ɗankwali ba zai ɗauka ba, ka huta.” Ya kwanta a jikin bango lif, baƙi, kamar can aka gina shi.

Ranar Lahadi na dawo daga la'asar, na ɗora ataya, na sa abin kunne na shiga. Muryoyinsu suka zo mini tas, har numfashinsu ina ji. Na yi sallama.

Aminina ya ce, “Kai! Tela! Yau muryarka kamar kana gefena. Me ka yi?”

Na fara ba shi labarin jan ƙarfe da baƙar riga, ina zuba kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya bari na kai aya, sannan ya yi gyaran murya.

“Cale, ka ga... mun cika yau. Akwai wani da muke aiki tare a nan, shi ke riƙe mana baya tun azumi. Ba daɗi a ce masa ya tashi. Ka zauna ka kalla, in wani ya gaji sai ka karɓa.”

Na ce ba komai. Me zan ce?

Na zauna na kalla. Hoton bai girgiza ba ko sau ɗaya. Na ga komai dalla-dalla, na ga mutumin yana tsaye a inda nake tsayawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya fi ni iyawa. Suna tsokanarsa da wani suna da ban san asalinsa ba, suna dariyar wani shugaban aikinsu, suna maganar jirgin ƙasan da ya makara. Kowace kalma ta iso kunnena lafiya lau, ba wadda na san inda zan sa baki a cikinta. Kewa ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da na raka aminina filin jirgi.

Ba wanda ya gaji. Da aka kira magariba na ce, “To jama'a, ni zan je masallaci.” Daidai lokacin aka ci ƙwallo, suka kaure da ihu. Na ɗan jira ko wani zai amsa, sannan na cire abin kunnen na ajiye a kan gado.