Ranar da Muka Karya Kumallo da Shaidarmu

Duk tsufan da zan yi, ko da sunan jikokina zai ɓace mini, ba na jin zan manta da safiyar da na ɗauki hoton fara a tsakar gidanmu. Shekara biyu ko uku ne kafin a samu 'yancin kai. Lokacin ina da akwatin hoto na katako a Zango, nan Damagaram, irin mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ina ɗaukar mutane hoton takardun biro, wato ofishin gwamnati. Kaina kuwa ya yi girma, ji nake duk garin ba wanda ya kai ni sani.

Ana tsakiyar damina sai ga yayana daga ƙauyen Droum, ƙafa duk taɓo, rungume da gora cike da fara, an toshe bakinta da tsumma. Ya ce fara ta sauka a tudun da ke bayan gonakinsu tana ta binne ƙwai, ga gero ya fara fid da kai. In ƙwan nan ya ƙyanƙyashe ba a zuba magani ba, to bana ba su ba rumbu. Ya je wurin mushen noma, kamar yadda muke kiran jami'in gona, wani mutumin kirki mai yawan tari, ya ce masa manya a Yamai ba za su aiko da magani ba sai sun tabbatar farar ɗango ce mai tafiya rundunoni, ba baben da aka saba gani ba. An taɓa aika musu ƙwarin cikin kwali, kafin su isa tururuwa ta mai da su gari. Shi ya sa mushe ya ce a nemi hoto, wanda za a ga kai da fiffike da zanen ƙirji, kuma ya shiga motar wasiƙu ta ranar Alhamis da azahar. Ranar kuwa Talata ce.

Na bugi ƙirji na ce ai ƙaramin aiki ne. Ashe ban san komai ba. Mutum in ka ce masa kada ya motsa, sai ya ƙame kamar an dasa shi. Fara fa? Ga ta ƙarama, in ka tsaya daga nesa sai ta fito kamar ɗigon tawada, in ka matso kusa komai ya dushe. Na yini ina fama kafin na gane dole a nisanta idon akwatin daga takardar da ke ciki. Na ja zuga-zuginsa har ƙarshe, bai isa ba. Na je wurin maƙerin fari ya naɗa mini bututun gwangwani tsawon taƙi, na shafe cikinsa da baƙin tukunya don kada ya yi ƙyalli, na ɗaura idon a bakinsa. Nan fa fara ta cika gilashi! Sai wata matsalar ta ɓullo: in kan ya fito tas, gindin ya dushe. Maganin wannan shi ne a tsuke ƙofar hasken ta koma kamar hujin allura, amma in an tsuke, sai an ƙirga ashirin kafin hoto ya kama. Wace fara ce za ta ba ka ashirin? Takarda tara na ɓata ranar Laraba, duk sai ka ce hayaƙi.

Da yamma dabara ta zo mini. Na san sanyi yana kashe wa fara jiki, don haka na juye su cikin jiƙaƙƙen buhu, na ɗaure, na ajiye a madafi, gindin randar Inna mahaifiyarmu, inda ya fi ko'ina sanyi. Ban gaya wa kowa ba. A ganina me tsohuwa ta sani game da aikin hoto?

Da safe muna shimfiɗa kayan aiki ni da yayana, Inna ta kawo mana koko da wani kwano a rufe. Muka buɗe, ƙamshi ya buge mu: soyayyar fara ce, ta sha gishiri da yaji da man gyaɗa. Wallahi ko a jikinmu. Muka zauna muka yi ta ƙus-ƙus, yayana har yana cewa rabon da ya ci mai maiƙo haka tun yana saurayi. Sai da muka ga gindin kwano na ɗaga murya na tambaye ta inda ta samo fara da sassafe haka.

Ta ce, "Ba ita ce ka ajiye mini a gindin randa ba? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Yayana ya tsaya da ƙafar fara a leɓe. Ni kuwa na dafe kai, don Droum ba nan kusa ba ce, ko doki aka hau ba a dawo kafin azahar ba. Na fara sababi, ina cewa an kashe mu, an cinye geron ƙauye guda. Inna ta bari sai da na gaji, sannan ta ce in da na buɗe baki jiya da ba a yi haka ba, abin da aka ajiye a madafi ai na tukunya ne. Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa.

Ta shiga madafi tana dube-duben zana. Ta ce lokacin da take juye buhun biyu sun tsere mata. Can sai ta miƙa hannu a hankali ta cafko ɗaya daga ƙarƙashin rufin, da irin hannun da ya shekara hamsin yana kamun fara. Ta tambayi abin da nake so da ita. Wannan karon na yi bayani dalla-dalla, kaina a ƙasa. Ta yi tsaki, ta jiƙa ɗan ƙaro, ta shafa a karan gero, ta tsoma farar cikin ruwan randa ta fitar, ta ɗora ƙafafunta a kan ƙaron. Fara ta tsaya cak.

Na ajiye tsinken alimeti, wato ashana, a gefenta don a gane girmanta. Yayana ya riƙe farin mayafi daga sama ya tausasa ranar, Inna kuma ta riƙe farantin tasa tana mayar da haske ƙarƙashin ƙirjin. Na ce kowa ya riƙe numfashi, na cire murfi na fara ƙirga. Ban taɓa jin ashirin mai tsawo irin wannan ba. Muka yi ɗaya ta gefe, ɗaya ta sama, ɗaya ta fuska, kafin ta fara karkaɗa gashin kanta.

Da na wanke takardun na juya baƙinsu ya koma fari, hotunan suka fito, mu ukun muka haɗa kai a kansu. Ga ido ƙato mai layi-layi, ga ƙayoyin ƙafa, ga ɗige-ɗigen fiffike ana iya ƙirga su. Inna ta daɗe tana kallon na fuskar, ta ce, "La'ilaha! Ashe wannan mummunar nake ci tun ina yarinya?" Ta rantse ta daina. Rantsuwar ba ta kai Juma'a biyu ba.

Da gudu na kai wa mushe, hotunan ko gama bushewa ba su yi ba, direba ya riga ya tayar da mota. Bayan kwanaki sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya nufi Droum da buhunan dusa mai magani, ya iske 'ya'yan farar sun fito baƙi ƙirin, ba su riga sun shiga gonaki ba. An yi asarar gefe guda, amma rumbuna sun cika. Da kaka yayana ya aiko da dami, ya ce a gaya mini ba nawa ba ne, na Inna ne.

Tun daga ranar na daina raina mutanen gida. Duk abin da zan yi, komai ganin da nake ya fi ƙarfin saninsu, sai na zauna na gaya musu, don mai iya ɓata maka aiki cikin rashin sani sau da yawa shi ne mai iya gyara maka shi in ka buɗe baki.