Kwashe Barguna a Gidan Inna

Mu huɗu Inna ta haifa, ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai na rage a Kano. Ina aure a Tarauni, ina koyarwa a wata firamare da ke kusa da gidana. Daga ƙofar gidana zuwa gidan Inna a Gyaɗi-Gyaɗi bai fi tafiyar minti goma a adaidaita ba, shi ya sa duk abin da ya taso a gidan nan tun bayan rasuwar Baba, wayata ce take fara ƙara. Ƙanena mai bi mini yana aiki a Abuja, ƙanwata tana aure a Kaduna, autanmu kuwa yana Legas.

Cikin ayyukan da suka zama nawa har da kwashe kayan sanyi. Duk shekara, da zarar iska ta kwanta, mutum ya fara jin gumi a wuya tun hantsi, nakan ware wata Asabar in tafi. A wanke barguna da rigunan sanyi, a shanya, a ninke, a barbaɗa kafur, a jibge a ɗakin baya. Sannan a fito da fanka a goge, a kakkaɓe tabarmi, a ɗauraye babbar randa a mayar da ita gindin darbejiya. Da can tare muke yi da Inna. Da gwiwoyinta suka fara ciwo sai ta koma zama a kujera 'yar tsugunno tana nuna mini abin da zan ɗauka.

A shekarar da nake ba da labari, aikin ya zo da ƙari. Inna tana da wata maƙwabciya 'yar Filato, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Kowa a layin Sista yake kiran ta, ni kuma in muna tare Mama nake ce mata. Ita take leƙowa duk bayan kwana biyu ta auna wa Inna jini. Wata rana ta kira ni a waya ta ce jinin Inna yana hawa, kuma ɗakin da take kwana a ciki ba zai yi mata ba in zafi ya kankama, domin tun daga azahar har la'asar sakaliya rana a kan bangonsa take. Ta ce ɗakin baya shi ne mai inuwa, sai a kwashe kayan cikinsa a mayar da Inna can. Na ce to. Na ajiye wayar na daɗe a zaune, don na san abin da ke cikin ɗakin nan.

Ranar Asabar ɗin na isa wajen ƙarfe takwas, da jakunkunan bakko guda shida da na saya a bakin titin Gidan Zu. Makon jarrabawa muka gama, akwai takardun yara sama da ɗari suna jira na a gida ban duba ba, ga bayana yana ciwo tun Laraba. Na gaishe da Inna, ta amsa tana kallon jakunkunan. Ba ta kiran sunana saboda ni ce ta fari, sai dai ta ce "ke". Ta tambaye ni ko ƙaura za mu yi. Na ce a'a, gyara ne kawai.

Da na tura ƙofar ɗakin, rabi kaɗai ta buɗu. Warin kafur da na tsohon auduga ya tare ni. Barguna ne jibge a kan wani tsohon gadon ƙarfe har sun kusa taɓa silin. A ƙasa akwai akwatuna uku na rigunan sanyi, da huluna, da safa da ba su da 'yan'uwa. Akwai kasko biyu na jin ɗumi, ɗaya ya tsage. Akwai filas huɗu, babu wanda yake riƙe zafi a cikinsu. A bayan ƙofa na tarar da buhun gawayi da ya rage tun sanyin bara, ɓera ya huda shi ya yi gida. Na fara fitar da su tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ina shimfiɗawa a kan tabarma. Da na ƙirga bargunan, goma sha ɗaya ne. Inna kuwa ita kaɗai take kwana a gidan, kuma bargo ɗaya take rufa da shi.

Na ware kashi biyu, na ajiyewa da na bayarwa. Duk abin da na jefa kashi na biyu sai Inna ta miƙa sandarta ta jawo shi. Wannan jan bargon na ƙanena ne, da shi ya yi makarantar kwana. Wannan rigar mai hula ta autanmu ce. Waccan shuɗiyar ƙanwata ce ta saƙa da hannunta lokacin da take koyon saƙa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce Inna, rigar nan ko ɗan ƙanwata ba za ta shiga ba yanzu. Ta ce ai kayan ba nata ba ne balle ta bayar, sai an tambayi masu su.

Sai na ga hanya mafi sauƙi ita ce in tambaye su ɗin. Na ɗauki hoton kowane abu na tura a gurup ɗinmu na 'yan gida, na rubuta cewa ɗakin za a kwashe saboda lafiyar Inna, duk mai son kayansa ya faɗa, sauran za a bayar. Na yi zaton za su ce a bayar, magana ta ƙare.

Ƙanwata ce ta fara amsawa. Ta turo alamar kuka da ta dariya, ta ce wayyo rigarta, don Allah Yaya a ajiye mata, za ta nuna wa 'ya'yanta. Autanmu ya turo saƙon murya mai tsawo yana tuna yadda muke kewaye kasko da asuba Baba yana gasa mana dankali, ya ce kaskon nan kada a taɓa shi, ko da ya tsage. Ƙanena bai rubuta komai ba, kira ya yi. Ya ce jan bargon nan yana da tarihi a wurinsa, in ya shigo da Sallah zai ɗauka. Na tuna masa cewa haka ya faɗa bara. Ya yi dariya ya ce bana da gaske ne, ya ce Allah ya saka mini da alheri, su dai ba su san yadda za su gode mini ba. Ya kashe wayar, wai zai shiga taro.

Kafin azahar, duk abin da na tura an sami mai shi. Babu wanda ya ce ga ranar da zai zo, babu wanda ya ce a saka masa a mota.

Na shiga wanki. An ɗauke wuta tun safe, famfo kuma ya tsaya, sai da na sayi ruwa wajen 'yan garuwa har sau biyu. Bargo in ya sha ruwa nauyinsa ya fi na yaro. Ina matse na biyar, zufa tana shiga mini ido, sai na ji Inna daga inuwa tana cewa in bi a hankali da wancan, bakinsa ya fara zarewa, kuma in sun zo gaba ɗaya da iyalansu za a buƙace shi.

Ban san lokacin da na saki bargon cikin baho ba.

"Inna, ba za su zo ba," na ce. "Shekara nawa rabon da su kwana a gidan nan gaba ɗaya? Ko sun zo, masauki suke kamawa. Ni ce dai zan wanke, in ninke, baɗi in sake wankewa."

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki buta ta nufi bayan gida. Na tsaya da kumfa har gwiwar hannu, kunya ta rufe ni, amma gajiyar da nake ji ta hana ni ko bin ta in ba ta haƙuri. Na zauna a bakin baho ina kallon ruwan da ya yi baƙi.

A haka Sista ta shigo da abin awon jininta a jaka. Ta dubi tsakar gida, ta dube ni. Ta jira Inna ta idar da salla, ta auna ta, ta ce da sauƙi amma ba yadda take so ba. Sannan ta zauna kusa da ita suka shiga hira, ni ina shanya ina jin su. Ta ce za ta tafi gida hutun Ista. Ta ce a ƙauyensu, can kan duwatsu, in damina ta sauka sanyi har cikin ƙashi yake shiga, kuma akwai tsofaffi da ke kwana da zani ɗaya. Ta ɗaga shuɗiyar rigar nan mai hannu ɗaya dogo ta yi dariya, ta ce akwai jikar yayarta da za ta yi mata daidai, sai dai a naɗe hannun. Ba ta roƙi komai ba. Ta sha ruwan randa, ta yi mana sallama ta fita.

Muka ci abinci, shinkafa da wake da na dafa a tsaitsaye. Da muka gama na ce Inna ki yi haƙuri da abin da na faɗa. Ta daɗe tana goge hannunta da tsumma.

"Na sani ba za su zo ba," ta ce. "Ai ni na haife su. Amma in ina ganin kayan, sai in ga kamar gidan bai watse ba."

Ta ce in matso mata da tabarmar kusa.

Ita da kanta ta yi rabon. Ta ware bargo huɗu, ta ce ɗaya nata, ɗaya na baƙo, biyu kuma ba ta faɗi dalilinsu ba, ni ma ban tambaya ba. Sauran ta ce a kai wa Sista. Rigunan sanyi ta riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya, ta duba wuya, ta duba hammata, wadda asu ya ci ta ajiye gefe don tsumma, mai kyau ta miƙo mini. Filas ɗin duka ta ce a ba masu sayen tsofaffin kaya. Gawayin ta ce a miƙa wa mai ƙosai ta bakin layi. Da muka zo kan shuɗiyar rigar ta riƙe ta a cinya na ɗan lokaci, ta ja dogon hannun ta gwada shi da gajeren, sannan ta cusa ta cikin bakko da kanta. Na ce me zan gaya wa mai ita. Ta ce in ce Inna ce ta bayar.

Jan bargon ƙanena da tsagaggen kaskon autanmu ne kawai ta kasa yanke hukunci a kansu. Ta ce su maza ne, sun kuma yi magana da bakinsu, ba ta son a ce ta zubar musu da kaya. Amma ɗakin ba zai ɗauki gadonta da su ba. Ta dube ni. Na gane abin da take nufi tun kafin ta faɗa, na ce to, zan tafi da su.

Bayan la'asar na share ɗakin, na wanke ƙasan da ruwan sabulu, na buɗe tagar da ta yi shekaru a rufe. Wasu maƙwabta biyu suka taimaka aka fitar da gadon ƙarfen aka shigo da nata. Na ɗaura gidan sauro, na ajiye fanka mai caji a kan kujera kusa da kanta. Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce ashe ɗakin yana da girma haka. Ta ce akwai iska. Sai kuma ta ce tagar tana kallon bangon maƙwabta, ba ta ganin ƙofar gida daga nan, ba za ta san wanda ya shigo ba. Na ce za ta saba. Ta ce to.

Na kai wa Sista bakko huɗu. Ta riƙe hannuna ta ce in je in huta, fuskata ta nuna gajiya. Na tari adaidaita a bakin titi, na ɗora jaka ɗaya a cinya, kaskon kuma na riƙe shi a ƙafa don kada ya ƙarasa fashewa. A hanya wayata ta yi ta ƙara, 'yan gurup ne suke turo tsofaffin hotuna suna tuna sanyin da. Ban buɗe ba.

Da na shiga gida maigidana yana zaune a tsakar gida yana fifita da kwali. Ya dubi jakar, ya dubi kaskon, ya tambaye ni ina za mu saka su. Na ce ban sani ba tukuna. Ya tashi ya karɓa, ya shiga da su ciki yana neman wuri. Ni kuwa na cire mayafi na kwanta a kan siminti, nan inda na tsaya, na ce a tashe ni in an kira magariba.