Ranar da Inna ta ga tukunyar gas a bayana

"Sauko! Habu, na ce ka sauko!"

Muryar Innata ke nan a tsakiyar kamfanin casar shinkafar da nake aiki a Haɗeja. Ta kawo shinkafarta daga fadama, sai ta hango ni a kan motar ɗaga kaya, buhuna a sama, tukunyar gas kwance a bayan kujerata.

Ni ne fa kullum nake ja mata kunne kada ta kuskura ta kwantar da tukunyar gas ɗinta ta girki.

Na ce, "Inna, wannan daban ce, don kwanciya aka ƙera ta. Ruwan gas ɗin injin motar yake zuƙa, ya ɗumama shi ya zama iska, sannan ya ƙona shi kamar fetur."

Ta riƙe haɓa. "Ya ƙona? Wato wuta a ƙasa, kai a sama. To mene ne bambancinka da tuwo?"

Leburori suka fashe da dariya. Yanzu har manaja "Tuwon Inna" yake kirana.

Yau da zan fito ta ce in na ji ƙauri in yi maza in sauko.

Jama'a, wanda ya taɓa cin gardama da mahaifiyarsa ya zo ya koya min.