Kakana da Kayan Japan

Kakana ya yi yaƙin Boma, ya dawo unguwarmu ta Sabo da lambar yabo guda, da ɗingishi, da doka: kayan Japan ba sa shiga gidansa. Su kuwa Turawan da suka loda shi a mota suka kai shi dajin, kayansu halal ne, har albarka yake sa musu.

Duk abin da aka sayo sai ya kifa shi ya duba gindinsa. Bai yi boko ba, don haka ni ce mai karanta masa, ni jikar da yake kira amaryarsa. A shekarun tamanin kuwa, wanda ya bi dokarsa sai dai ya zauna ba fanka ba rediyo. Keken da Inna take yi wa matan unguwa ɗinki, da jan farce muka shafe rubutunsa. Rediyon da yake wuni rungume da shi, wuƙa ce ta mayar da shi ɗan Ingila. Nakan karanto masa ƙarya da zaƙin murya, ya gyaɗa kai ya ce ai aikin Bature daban ne.

Ana haka sai yayana, da ya gaji da gyaran injin tokunbo, wato kwancen ƙasar waje, a unguwar Mokola, ya samu hanyar zuwa Japan ɗin kanta, wai zai riƙa auno injina daga tushe. Biza ta fito, amma ya rantse ba zai hau jirgi ba sai tsoho ya sa masa albarka. Gida ya zauna shawara, aka tsayar cewa Jidda za a ce masa. Abin nema ya samu, dama yi masa ƙarya sana'armu ce.

Yayana ya durƙusa ya fara zancen Jidda, bai kai ƙarshe ba ya sauka a kan gaskiya. Na ja baya, ina jiran sanda.

Kaka bai ɗaga sandar ba. Can ya ce a bakin wani daji ya taɓa tarar da wani sojan Japan kwance cikin jini, sa'an yayana, yana nuna masa gorar ruwan da ke ƙugun Kaka. Duk labaran Boma da ya ishe mu da su, bai taɓa ba mu wannan ba. Tausayinsa ya kama ni, na kasa kallonsa.

"Na wuce abina, gorata cike," in ji shi. "Oya tashi, Allah ya yi maka albarka. In wani ya ba ka ruwa a ƙasarsu ka sha, amma kada ka faɗa masa jikan wa ne kai."